Sai-Tasha Ya Tsaya

Sunansa na yanka yana nan rubuce a jikin lasin, amma in ka shiga tasha kana cigiya da shi, wuni za ka yi kana yawo. Ka ce Sai-Tasha kawai, ko mai sayar da ruwa zai nuna maka farar bas ɗin da ke lodi a rumfa ta uku. Fasinja ne suka laƙaba masa sunan, kuma ba don ƙauna ba. Tafiyar awa huɗu ce tsakanin tashar da yake ɗauka da wadda yake saukewa, kuma a shekara talatin da bakwai da ya yi yana bin hanyar nan, duk wanda ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Direba, a taimaka don Allah, zan kama ruwa," amsa ɗaya yake samu, ba tare da an ko waiwaye shi ba.

"Sai tasha."

Tsofaffi sun haɗa shi da Allah, masu ciki sun yi masa hawaye, wani malamin makaranta ya taɓa yi masa lacca a kan haƙƙin fasinja tun daga babbar gada har shiga gari. Ko gezau. Ba wai mugu ba ne a sauran al'amura. Yakan sauke wa tsohuwa kayanta da hannunsa har bakin titi, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Asalin abin, a satinsa na farko a kan sitiyari ya tsaya wa wani, ya tsaya wa wata, ya sake tsayawa wa wani, ya iso tasha bayan kowa, mai motocin ya tambaye shi a gaban jama'a ko jaki ya koro. Tun daga ranar ya rantse. Da shekaru suka tura sai rantsuwar ta zama ra'ayi, wato wanda ya kasa riƙe mararsa awa huɗu bai gama zama mutum ba. Kafin ya tayar da mota sai ya juyo ya yi shela, mai zagawa ya zaga yanzu. Sa'an nan ya shanye shayi kofi biyu a gaban idonsu, don dai a san da bambanci.

Mutum ɗaya ne yake yi masa tsiya a kan wannan ya kwana lafiya, shi ne bakaniken kamfanin, wanda ake kira Baƙin-Mai saboda ba wanda ya taɓa ganin ainihin launin tafin hannunsa. Rana ɗaya mai motocin ya ɗauke su aiki suna samari, ya ba wannan makulli, ya ba wancan akwatin sufana. Tsohon ya kuma kafa wata doka da ta fi shi daɗewa a duniya: duk motar da ta tsaya a hanya da sunan matsala, ko na minti ɗaya ne, ba ta sake ɗaukar fasinja sai bakanike ya duba ta.

Dokar ba ta taɓa damun su biyun ba, domin suna da tasu hanyar aiki. Sai-Tasha yana da kunne. Mota ba ta kaiwa ga tsayawa a hannunsa, tun ciwon yana ƙarami yake jin sa. Sai ya shigo gareji ya yi ƙarar da bakinsa, ya ce tana cewa ƙir-ƙir in ya sha kwanar dama, ko tana tari in ya ɗage ƙafa daga totur. Baƙin-Mai ba ya ko tayar da injin. Yakan sunkuyar da kai ya saurara, ya zaɓi sufana, ya tafi kai tsaye inda ciwon yake. Sauran direbobi kuwa makulli yake karɓa ya zaga da motar da kansa, su zauna a benci su jira, don bai yarda da bakin kowa ba.

"Kunnen naka, hannun nawa," haka yakan ce wa abokinsa. A duk shekarun nan kunnen bai taɓa tura hannun inda ba ciwo ba.

A gida akwai matarsa, tela ce, kekenta yana bakin tagar ɗakin kwana inda haske ya fi kyau. Sun haifi bakwai, duk sun kama gabansu, sai dai jikoki da ke zuwa hutu su birkita gidan su tafi. Shi yana ce mata Tela, ita tana ce masa Direba, kamar waɗanda suka haɗu a kasuwa, amma gado ɗaya suke kwana tun wanda kafinta ya haɗa musu shekarar da aka haifi na biyu. Ba masu magana ba ne a kan abin da ke tsakanin miji da mata, ƙusa biyu ce take yi musu maganar. Ɗaya tana bakin ƙofar falo, ɗaya tana jikin bango saman keken ɗinki. In ya dawo ya rataye makullin mota a ta bakin ƙofa, gajiya ce, a ba shi abinci ya kwanta. In ya wuce har ciki ya rataye a ta saman keke, to Tela ta fahimta, sai ta rufe ɗinki da wuri. Yaran sun girma suna ganin makulli yana yawo a gidan, ba wanda ya taɓa gane komai.

Abin ya fara ne yana da sittin da ɗaya, kuma a hankali ya shigo, kamar tsatsa. Da farko tashi ɗaya kafin gari ya waye, daga baya biyu, daga baya ya daina ƙirgawa. In ya tsuguna sai ya jira kafin fitsarin ya zo, in ya zo kuma siriri, yana yankewa. Ya tashi yana ganin ya gama, ya ɗaura wando, sai ɗigo biyu uku su biyo baya. Ya ɓoye wani wandon a ƙarƙashin kujerar mota saboda sallah. Ya fara wanke wandunansa da kansa, shi da bai san inda ake ajiye sabulu ba. A cikin watannin nan ne kuma ya rataye makulli a saman keke har sau biyu, jikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Karo na farko Tela ta ce gajiya ce. Karo na biyu ta ja masa bargo kawai, shi kuwa wannan kirkin ya fi zagi yi masa ciwo. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Washegari ya ce bayansa na ciwo, katifar ta yi laushi, ya ɗauki matashi ya koma doguwar kujerar falo, wadda take dab da bayan gida. Makulli ya tare a ƙusar bakin ƙofa.

Akwai wani mai magani da ke kafa lasifika a bakin tasha yana kiran cututtukan maza da sunayensu, ba kunya ba tsoro. Sai-Tasha ya yi shekaru yana wuce shi yana tsaki. Wata rana ya faki ido ya matsa, ya ce wani abokinsa zai saya wa. Ya sha kwalba guda da rabi, abin da ya samu shi ne gudawa da bugun zuciya.

Ranar da hanya ta kama shi Talata ce, mota cike. Awa biyu da rabi da tashi, ya ji mararsa ta ɗaure lokaci guda. Ya matse cinyoyi, ya rage gudu, ya ƙara gudu, ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya ga abu biyu ne a gabansa, ko ya tsaya ko ya jiƙa kujera, sai ya sauka gefen titi ya kashe mota.

Aka dubi juna. Rabin fasinjan sun san shi.

"Direba, lafiya?" in ji wani mai hula a kujerar gaba.

"Ƙara nake ji a ƙafar baya," ya ce. "Kowa ya zauna, kada wanda ya sauka."

Bai shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Ya ɗauki sufana da jarkar ruwan lagireto, ya zaga bayan motar, ya tsuguna dab da taya inda ba tagar da ke hango shi. Mai kallo daga nesa zai rantse duba taya yake yi. Da ya gama ya yi tsarki da ruwan jarka, ya ƙwanƙwasa ƙarfen taya sau biyu don a ji, ya dawo yana goge hannu. Fasinja kuwa suna ciki, kowa na matse nasa.

Kafin ya iso tasha labari ya riga shi ta waya, wai motar Sai-Tasha ta tsaya a hanya. Doka kuwa doka ce. Da yamma aka shigar da bas ɗin gareji.

"Yaya take cewa?" Baƙin-Mai ya tambaya, ya sunkuyar da kai yana jira.

A nan Sai-Tasha zai iya kashe maganar da kalma uku. Amma akwai direbobi huɗu a kan benci, kuma biyu daga cikinsu shi ya koya musu cewa namiji ba ya tsayawa.

"Gurnani take yi, can ƙasa-ƙasa. Sai ta ɗauki zafi."

Baƙin-Mai ya cire tayar, ya fiddo boris ɗin da take juyawa a kai, ya wanke shi da fetur, ya juya shi a yatsa kusa da kunnensa. Lafiya ƙalau. Ya dubi abokinsa, ya sake duban ƙarfen, ya jefa shi kwandon shara ya sa sabo. Tunda kunnen ya ce akwai, to akwai.

Bayan kwana uku motar ta sake tsayawa. Daga nan abin ya zama kusan kullum, wata ran ma sau biyu. Baƙin-Mai ya canza birki, ya canza duk abin da ke iya gurnani, ya kwance ƙafar baya gaba ɗaya ya shimfiɗa ta a kan buhu, ya dubi kowane ƙarfe a rana, ya mayar. Ya fara zuwa aiki kafin mai shara. Ya rame, ya kuma daina tsiya, wanda a wurinsa wannan ya fi rama zama alamar ciwo.

A wata na huɗu ya zo da wata magana yana sosa ƙeya. "Ba ƙaryata ka nake yi ba, mutumina. Hannuna ne ya kasa, bari in bi ka gobe ko kunnena zai taimaka."

Ranar, Sai-Tasha bai sa ko kurɓin ruwa a bakinsa ba tun jiya da yamma. Baƙin-Mai ya zauna a kujerar ƙarshe, daidai saman tayar, ya cire hula. Suna wuce babbar gada, marar ta ɗaure duk da haka. Ba halin tsayawa, domin in ya tsaya bakanike zai sauko tare da shi. Ya dinga mutsu-mutsu a kujera, yana cije leɓe, yana karkata gefe guda. Baƙin-Mai ya hango fuskarsa ta madubi, ya ɗauka irin yanayin nan ne da abokinsa kan shiga in mota tana yi masa magana.

"Ita ce?" ya ɗaga murya daga baya.

"Ita ce."

Baƙin-Mai ya durƙusa tsakanin ƙafafun fasinja da buhunansu, ya manna kunne a ƙasan motar. Ya daɗe a haka. Ya juya ɗaya kunnen. Da ya ɗago, ƙasa a gefen fuskarsa, sai ya koma kujerarsa ya zauna har suka isa. Sai-Tasha ya ga wannan duka ta madubi. Ya ji tausayinsa ƙwarai, amma a lokacin abin da ya fi damunsa shi ne nisan da ya rage zuwa bayan gidan tasha.

Kamfanin yanzu yana hannun ɗan mai motocin, wanda ake kira Manaja, mutum mai ladabi da son sabon abu. Ya gaji da mota mai kwana a gareji. Ya fara maganar wani bakanike mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. A wata na shida ya samu Baƙin-Mai ya ce, "Baba, ba raini ba ne, amma in ƙarshen watan gobe ya yi ba a gano abin nan ba, sai mu nemi wani hannun, kai kuma ka huta." Baƙin-Mai ya ce to. Sai-Tasha yana tsaye a wurin yana wasa da makulli.

Tela ce ta fara kama shi. Ranar hutunsa ce, da hantsi, ya ɗauko wando daga igiya ya ji gabansa ya yi kauri. Ya juya cikinsa, sai ga wani ƙyalle mai laushi ninki uku, an ɗinke shi da zare kalar wandon, ɗinkin da sai mai nema zai gani. Ya duba sauran, duk haka suke. Ya shiga ɗakin da ya yi watanni bai zauna a ciki ba, ya same ta tana taka keke.

"Mene ne wannan?"

"Ɗinki ne." Ba ta ɗago ba. "Yau sati uku, sai yanzu ka lura. Direba mai kunne, ba ido."

Ya tsaya riƙe da wando. Ta tsayar da keke, ta jawo aljihun durowa na ƙasa. Cike yake da irin ƙyallen, a ninke, a jere.

"Waɗannan nawa ne. Tun haihuwar Auta. In na yi tari, in na yi atishawa, in na ɗaga bokiti, in ka ba ni dariya, ko da yake wannan ya yi wuya yanzu. Shekara ashirin da biyu. Ka taɓa ganin na ɗauki matashi na koma falo?"

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Duk kanmu ɗaya."

Ya zauna a bakin gado. Ya ce ba wannan kaɗai ba ne, akwai ɗayan, ta dai gani da idonta. Siminti yake kallo har ya gama faɗa.

"Na gani. To sai me? Kana tsammanin ni jikina na da ne? Tun da jini ya ɗauke mini, wani lokacin zafi nake ji, in cije, don kada ka ce na gaji da kai. Kai kana can kana kunya, ni ina nan ina cewa ko wari nake yi ne ka gudu." Ta yi gyaran murya. "Ni ƙafata sanyi take yi, Direba. Kusan shekara arba'in a jikin taka nake ɗumama ta. Wannan ai ba sai wani abu ya tashi ba."

Ta fiddo sauran kwalbar mai lasifika daga bayan keke, inda ta ɓoye ta tun ranar da ta tsince ta, ta ce gobe asibiti, su biyu.

Likitan bai yi mamakin komai ba, abin da ya ɗan ɓata wa Sai-Tasha rai. Ya duba shi, ya sa aka gwada jini da fitsari, ya zana masa a takarda. Wata 'yar tsoka ce da kowane namiji yake da ita a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta, in shekaru suka ja takan girma ta matse hanyar. Tasa ba irin mai haɗari ba ce, amma a dinga zuwa ana dubawa. Ɗaya matsalar kuma, in ji shi, da shekaru a ciki, da hawan jinin da bai san yana da shi ba, da fargaba. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a rage shayi kafin tafiya, amma kada a daina shan ruwa. Ita ma Tela ya haɗa ta da wata ma'aikaciya da ta koya mata yadda ake matse ƙasan mara a saki don ya yi ƙarfi, ta kuma rubuta mata man shafawa saboda zafin.

"Kuma Baba, in ya matse ka, ka tsaya ka yi," in ji likita. "Riƙewa ba jarumta ba ce, mafitsara da ƙoda ne ke shan wahala."

Maganin ya yi aiki gwargwado. Tashin dare ya koma ɗaya. Matashi ya koma ɗaki, makulli kuwa Tela da kanta take ɗauko shi daga bakin ƙofa in ta ga dama, wata ran a dace, wata ran a yi hira a yi barci. Amma awa huɗu ta riga ta fi ƙarfinsa. Tsayawa ɗaya a hanya ta zama dole, kuma duk tsayawar da zai yi, sufana da jarka yake ɗauka. Abin da ya iya faɗa wa matarsa a ɗaki, ya faɗa wa likita a bayan labule, ya kasa faɗinsa a tasha. Kullum sai ya ce gobe.

Saura kwana biyar wata ya ƙare, ya shigo gareji da la'asar ya tarar da Baƙin-Mai zaune a ƙasa yana wanke sufanoni da kananzir, yana jera su a akwati daga ƙarama zuwa babba. Rigar aikinsa tana ninke a gefe.

"Me ake yi haka?"

"Tafiya zan yi, mutumina. Ba sai an kore ni ba." Ya ɗaga wata sufana ya duba ta a haske. "Na je an wanke mini kunne sau biyu. Sun ce lafiyarsa ƙalau, amma ni na san abin da na sani. Kai ka ji ƙara daga kujerar gaba, ni na ɗora kunne a kanta ban ji ba. Bakaniken da ba ya ji, wata rana mutane mota guda zai kashe. Ko keken jikana na daina taɓawa."

Sai-Tasha ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Shi duk zatonsa aiki ne kawai ake shirin ƙwacewa, yana ta lallashin kansa cewa mai hannu irin wannan ba zai rasa wani garejin ba. Bai san ya riga ya ƙwace masa hannun ba.

"Babu ƙara," ya ce.

"Na'am?"

"Babu ƙara a motar nan. Ba ta taɓa yi ba. Fitsari ne yake matsa mini, nake tsayawa in yi a bayan taya."

Baƙin-Mai ya ajiye sufanar a hankali. Ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da na bi ka fa?"

"Shi ne."

"Na durƙusa a gaban mutane."

"Na gani."

Sai-Tasha ya so a zage shi, ko a jefe shi da wani ƙarfe, da ya fi masa sauƙi. Maimakon haka Baƙin-Mai ya nuna teburin aikinsa da haɓa. A da yana bakin ƙofa wurin iska, yanzu yana can kusurwa, taki uku daga ƙofar bayan gida.

"Shekara huɗu ke nan da na matsar da shi can. Sau goma nake zagawa a wuni. Kowa a garejin nan ya sani, har tsiya suke yi mini. Kai kaɗai ne ba ka lura ba, don kai in ka shigo bakinka kake kawowa ka fita. Da ka ce mini fitsari ne, da na faɗa maka sunan ƙwayar da nake sha, mu yi dariya." Ya rufe akwatin. "Wata bakwai ina zargin kunnena."

Sai-Tasha ya ba da haƙuri. Baƙin-Mai ya ce ya ji, amma ba shi za a faɗa wa ba, shi ai ya riga ya sha nasa.

Washegari da safe, direbobi cike a benci suna jiran layi, Manaja yana tsaye da takardunsa, Sai-Tasha ya je ya faɗa. Bai ja ta da tsawo ba. Ya ce motar lafiyarta ƙalau, bakanike lafiyarsa ƙalau, shi ne mai ciwon, ya kuma faɗi ciwon. Sai ɗaya daga cikin waɗanda ya koya wa tuƙi ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo. An yi sati biyu ana yi masa ita, in ya gifta sai wani ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu. Ya shanye. Direbobi uku masu furfura sun same shi ɗaya-ɗaya a bayan mota suna tambayar wane asibiti ne, kowanne kuma wai abokinsa yake tambayar wa. Manaja ya je gareji da kansa ya ba Baƙin-Mai haƙuri, maganar mai na'ura ta bi ruwa.

Ya ci gaba da tuƙi har shekara huɗu bayan nan. Shelarsa ta safe ta canza, za a tsaya minti biyar bayan babbar gada, mata su yi gaba, maza su yi baya. Ranar farko wata tsohuwa da ta daɗe tana bin motarsa ta sauko tana dafa ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ashe kai ma ɗan Adam ne." Sunan dai bai canza ba, har sababbin fasinja suna tambayar inda ya samo shi.

Baƙin-Mai ya buɗe akwatinsa ya ci gaba da aiki. Suna gaisawa, suna raba kofin shayi ɗaya, har tsiyar ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Wata uku da faɗin gaskiyar, wata ƙara ta gaske ta taso a gaban motar, siririya, in an taka birki a gangara. Sai-Tasha ya ji daɗinta har cikin ransa. Ya shigo gareji da saurinsa, ya wuce har kusurwa gaban tebur, ya yi ƙarar da bakinsa kamar yadda ya saba, sau biyu, don ta fito sosai.

Baƙin-Mai ya saurara har ƙarshe. Bai sunkuyar da kai ba, bai kai hannu akwati ba. Ya miƙo baƙin tafinsa.

"Kawo makulli in zaga da ita."

Sai-Tasha ya ba shi. Ya koma benci cikin sauran direbobi, ya zauna yana jiran a dawo masa da motarsa.